Taɓa Ka Gani: Gidan Kimiyyar Da Muka Ɗauko A Bayan Babur

Masu saurare daga nan cikin garin Birnin Gwari, da 'yan uwa na Randagi, Kakangi, Kuyello da Dogon Dawa, da waɗanda halin da aka shiga ya mayar da su Kaduna ko Funtuwa ko Tegina, duk ina gaishe ku. In kun ji ƙarar janareta a bayana ku yi haƙuri, na maƙwabci ne, kuma ba ni da bakin ce masa ya kashe tunda a wurinsa na yi cajin wayar da nake ɗaukar shirin.

Yau ba maganar tsaro na zo da ita ba, ko da yake a garin nan duk inda ka faro zance sai ya biyo ta nan. Tambaya zan fara da ita, musamman ga waɗanda suka yi ajin kimiyya a sakandare. Tsakaninka da Allah, yaushe ka fara taɓa maikiroskof da hannunka? Ban ce ganinsa a littafi ba. Taɓawa, ka sa ido, ka murɗa, ka ga abu.

Ni dai sai da na shiga jami'a a Zariya. Kafin nan na zana shi ya fi sau goma, da kibiyoyi da sunan kowane sashe, har malami yana yabon zanena. A makarantar da na yi akwai ɗakin gwaje-gwaje, amma kullum da kwaɗo a ƙofa. Sai ana saura mako biyu jarrabawar fita aka buɗe shi, aka share ƙura da kashin ɓera, malaminmu na kemistiri ya tsaya a gaba ya yi gwajin nan na ɗiga asid cikin ruwa har launi ya canja. Mun fi mu sittin. Ina can baya, ƙeyar mutane kawai nake gani. Na ji na gaba sun ce "ya canja!", sai ni ma na rubuta ya canja. Kuma na ci jarrabawar fa, da sakamako mai kyau. Malamin nan ba na ganin laifinsa, kwalba ɗaya ce ta rage masa, da kuɗin aljihunsa ma ya cika kayan. Amma ranar da aka ajiye min maikiroskof a aji ɗaya na jami'a, na murɗa shi ta inda bai kamata ba, na fasa ɗan gilashin da ke ƙasa. Yaron da ke kusa da ni, wanda ya fito daga wata makarantar kuɗi, ya dube ni kamar na faɗo daga sama. Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya.

To me ya kawo maganar gidan tarihi cikin wannan? Bari ku ji.

Yawancinmu in an ce gidan tarihi, abin da ke zuwa mana shi ne irin wanda ake kai yara yawon buɗe ido: ka shiga a layi, hannu a baya, kaya na cikin gilashi, ga rubutu ko'ina cewa kada a taɓa. Kuma wannan daidai ne a inda ya dace. In ka je Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kayan da ke ciki ba su da na biyu. Mutum-mutumin Nok da ya haura shekara 2000 a duniya, in yaro ya kayar da shi, shi ke nan. Sai dai mun tashi da tunanin cewa haka ilimi yake gaba ɗaya, wato abu ne na cikin gilashi, na manya, kai naka kallo da haddacewa.

Ashe akwai wani irin gidan da dokarsa ta juye. A can, in ba ka taɓa ba, ba ka zo ba. Wanda ya fi suna shi ne Exploratorium a birnin San Francisco na Amurka, an buɗe shi a 1969. Wanda ya kafa shi sunansa Frank Oppenheimer, ƙanen Robert Oppenheimer ɗin nan da aka yi fim a kansa, na bam ɗin nukiliya. Shi ma Frank masanin fiziks ne kuma ya yi aiki a wancan shirin na bam. A 1949 aka raba shi da aikinsa na jami'a saboda ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis, ƙofofi suka rufe masa, ya koma ƙauye a jihar Colorado yana kiwon shanu kusan shekara goma. Eh, kiwon shanu, kun ji da kyau. Daga nan ya fara koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare ta ƙauyen, a nan ya lura cewa yara ba sa riƙe abu sai sun sarrafa shi da hannunsu. Da ya samu dama daga baya, sai ya gina gidan da ke cike da na'urorin da mai ziyara zai juya, ya ja, ya leƙa, ya hura, ya ɓata ma in ta kama. Abu biyu suka fi burge ni a tsarinsa. Na ɗaya, wurin da ake ƙera kayan da gyara su a fili yake, kana kallon kafinta da mai walda suna aiki, don ka san mutane ne irinka suka haɗa abin. Na biyu, masu yi wa baƙi bayani ba furofesoshi ba ne, 'yan sakandare ne ake ɗauka. Kuma ba su ɓoye sirri ba, sun buga littattafai na yadda za ka ƙera irin kayansu a garinku, yanzu ma akwai ɗaruruwan ƙananan gwaje-gwaje kyauta a shafinsu na intanet. Ana danganta wa Frank wata magana, cewa ba a taɓa samun wanda ya faɗi jarrabawa a gidan tarihi ba. Ku da kuka san yadda yaro ke ƙanƙancewa in an ɗaga bulala a aji, kun gane abin da yake nufi.

Ban taɓa zuwa Amurka ba, kada wani ya ɗauka daga can na dawo. A waya na gani kamar kowa, da datar dare. Kuma da farko haushi ma na ji, na ce wannan ai na masu wuta ne awa ashirin da huɗu. Sai na ci karo da abin da Indiya ta yi. Tun tsakiyar shekarun 1960 wani gidan kimiyya a birnin Kolkata ya fara loda kayan gwaji a mota yana kai wa ƙauyuka. Daga baya wata gidauniya mai suna Agastya, da aka kafa a 1999, ta rage abin har ya koma akwati a bayan babur, malami ɗaya ya ɗauka ya shiga ƙauyen da mota ba ta zuwa. Da na ga babur ɗin nan sai na tashi zaune. Babur kam ai mun san shi. A yankin nan an ɗauko mana abubuwa da yawa a bayan babur, mafi yawansu ba na alheri ba.

Don mu duba halin da muke ciki. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar firamare ta Rama a nan ƙaramar hukumarmu suka tafi da malamai uku. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe yaran Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Tsakanin waɗannan da wasu da ba su shiga jarida ba, akwai yaran da suka yi shekara uku, huɗu ba su zauna a aji ba. Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe kasuwar kara, an samu sauƙi, motoci na bin hanya. Ban ce komai ya wuce ba, kowa ya san inda yake taka a hankali. Amma yaran sun fara dawowa. Sai ka ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu an zaunar da shi aji huɗu na firamare da ƙannensa, bai iya karatu sosai ba, kunya ta ishe shi. Kwana nawa zai yi kafin ya ce gara ramin gwal? Shi wannan yaron nake tunani. Allo da alli za su nuna masa abin da bai iya ba ne kawai. Ina so a samu wuri ɗaya da za a fara da abin da ya iya.

Kuma ya iya da yawa. Mu nan ba baƙin kimiyyar hannu ba ne. Ku ɗauki Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ɗan gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya ɗauki tukunya ƙarama ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke cikin yashin yana fita ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yana tafiya da zafi, sai cikin ya yi sanyi. Gautar da ke lalacewa a kwana 3 ta kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000. Kakarka da ke ajiye randa a inuwa ta san rabin wannan tun kafin a haife shi. Abin da ya ƙara shi ne tambayar me ya sa, da kuma gwadawa.

To da wannan muka fara. Mu biyar ne: ni, wani abokina malamin firamare, wani mai gyaran babur a bakin tasha, wani mai gyaran waya, da ƙanwata da ta gama makarantar koyon aikin lafiya. Ba mu da suna, ba mu da ofis, ba mu da ko takardar rajista. Mun sayi tukwane huɗu, muka roƙi kwalaye a shagon kayan masarufi, mai gyaran babur ya kawo tsofaffin koyil da boris, mai gyaran waya ya kawo maganaɗisun matattun sifiku. Duk abin da muka kashe bai kai kuɗin buhun masara ɗaya ba. Muka ɗaure a babur biyu. Af, shawara ga duk mai son yin irin wannan: in za ka ɗauki wayoyi da batura da kwalabe a akwati ka bi ta shingen jami'an tsaro a yankin nan, ka nemi takarda daga mai unguwa tukuna. Mun yi kusan awa ɗaya muna bayani, kuma ba laifinsu ba ne, ko ni ne a wurinsu sai na bincika. Daga ƙarshe ɗaya daga cikinsu sai da ya juya koyil ɗin da kansa ya ga ƙwan fitila ya kama, sannan ya yi dariya ya ce mu wuce.

Ranar farko na ɓata abin da kaina. Muka shimfiɗa kaya a ƙarƙashin wata darbejiya, yara suka taru sun fi arba'in, sai ni ɗan jami'a na miƙe na fara lacca. Minti ashirin ina zuba. Na ce kada kowa ya taɓa sai na gama bayani. Kun ji fa, ni da na zo da taɓa-ka-gani! Kafin na ankara rabin yaran sun koma ƙwallo. Mai gyaran babur ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, in yaro ya zo koyon aiki wurina, sifana nake miƙa masa, ba wa'azi ba. Ka yi shiru mana." Na yi shiru. Cikin minti biyar suka dawo.

Akwai akwatin kwali da muka huda wa ƙaramin rami da allura a gefe ɗaya, muka manna farar takarda a ciki. Ka sa kai ciki, ka toshe haske da mayafi, sai ka ga bishiya da mutane a takardar, amma kai a ƙasa ƙafa a sama. Wata yarinya ta leƙa, ta fito da sauri ta juya akwatin, wai mun riƙe shi a kife ne. Ta sake leƙawa, yana nan a kife. Ta juya sau uku. Ba wanda ya ce mata komai. Can sai ta ɗauki kara biyu ta gicciya su a ƙasa, tana nuna wa ƙawarta cewa hasken saman bishiya ta ramin zai wuce ya sauka ƙasa, na gindin kuma ya hau sama. Jama'a, wannan shi ne bayanin da Ibnul Haisam ya rubuta a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, a littafinsa na ilimin gani, cewa haske a miƙe yake tafiya. Da na faɗa musu cewa malamin Musulunci ne ɗan Basra, sai wani dattijo da ke zaune gefe yana kallonmu da alamar tuhuma ya matso ya ce a ba shi ya leƙa. Ni kaina abin ya tuna min husufin rana na 29 ga Maris 2006, ina ɗan shekara tara, lokacin da ɗigon hasken da ke ƙarƙashin bishiyar gidanmu duk suka koma siffar jinjirin wata. Na tambayi manya, aka ce in shiga ɗaki. Ashe ganyen ne ke yin aikin ramin allura.

Amma abin da ya sa na ce sai na yi wannan shirin, wani yaro ne. Ba zan faɗi sunansa ko ƙauyensu ba. Zai kai shekara goma sha biyar, hannunsa duk kanta, ya tsaya nesa yana kallon abin da raini. Muna da wani wasa: kwano da yashi da ruwa, mun zuba ƙananan ƙwallayen boris guda goma a ciki, wanda ya fi saurin fito da su ba tare da ya tsoma yatsa ba shi ya ci. Yara na ta zubar da komai a ƙasa. Shi kuwa ya karɓi kwanon, ya karkata shi, ya fara juyawa da wani irin lanƙwasa na wuyan hannu, yashi na fita ta baki da ruwa, kafin ka ce kwabo ga goma cif a gindin kwano. Aka sa ihu. Na ce ina ka koya? Ya ce rami. Shekara biyu yana wankin gwal.

Na ce to koya mana, me ya sa suke zama a ƙasa? Ya ce ai mai nauyi ba ya bin ruwa. Na ɗauko wani babban dutse mai haske na ce wannan ya fi ƙwallon nan nauyi, me ya sa irinsa ke fita? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba nauyin girma ba, nauyin jiki." Wallahi ban taɓa jin fassarar da ta kai wannan ba, duk karatun da na yi. Abin da littafi ke kira densiti ke nan. Sai na ba shi lambobin: in ka cika gwangwani ɗaya da ruwa, ka cika irinsa da dutsen da yashi ke fitowa daga gare shi, na dutsen bai kai ninki uku ba. Na ƙarfe kusan ninki takwas. Na gwal ya haura ninki 19. Ya maimaita, "sha tara", kamar an faɗa masa sunan wani da ya daɗe da sani a fuska.

Daga nan shi ya ɗauki tambaya. Ya ce to zaiba fa, me ya sa take kama gwal? Na ce gwal narkewa yake a cikinta su dunƙule, shi ya sa kuke ƙona dunƙulen a wuta, zaibar ta tafi gwal ya rage. Ƙanwata ce ta sa baki, ta ja shi wurin tukwanen sanyi. Ta ce da safe mun jiƙa yashin nan sharkaf, taɓa ka ji. Ya taɓa, ya fara bushewa. Ta ce ina ruwan? Ya ce ya bi iska. Ta ce ka ga fitarsa? Ya ce a'a. Ta ce to in kun ƙona zaiba, ina take zuwa?

Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "A ɗaki muke ƙonawa. Don kada a gani."

Tururin zaiba ba a ganinsa, ba ya wari, amma yana shiga huhu ya wuce jini, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya sa rawar hannu. Kuma ba zaiba kaɗai ba. Kun tuna 2010 a Zamfara, yankin Anka da Bukkuyum, yara aƙalla 400 suka rasu saboda gubar dalma daga ƙurar dutsen gwal da ake daka wa a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu na kudu, yara 28 suka tafi. An sha yin sanarwa a rediyo, an manna takardu. Ba na raina wannan. Amma na ga fuskar yaron nan lokacin da hannunsa ke cikin busasshen yashi, kuma na san ba sanarwa ce ta kai shi wurin ba. Ban ce ya bar rami ba, kada in yi muku ƙarya, gidansu da kuɗin ake cin abinci. Abin da ya faɗa min da muka sake haɗuwa shi ne yanzu a fili suke ƙonawa, yana tsayawa ta inda iska ke fitowa, kuma ya hana ƙannensa zuwa kusa. Wannan ba ya kawar da haɗarin duka, na gaya masa. Ya kuma tambaye ni ko akwai sha tara na azurfa. Na ce goma da rabi ne.

Sai akwatin daji. Wannan shi ya fi taɓa ni, kuma shi ya fi arha. Gandun Kamuku yana nan a bayanmu, tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Akwai Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, akwai Tsaunin Rema. Wuri ne da aka sani da giwa da gwanki da gadu da burtu. In da wata ƙasa ce, yaran garin nan su za su riƙa yi wa baƙi jagora. Amma ka tambayi ɗan shekara goma a nan mene ne daji, zai ce maka inda ake kai mutane. Akwai yaran da za su bambance maka ƙarar bindiga da bindiga, amma ba su taɓa jin kukan burtu ba. Tunda ba za mu kai su ba, sai muka bi masu itace da masu gawayi muka roƙi ɓawo da ganye da 'ya'ya: doka, maje, kaɗanya, ɗorawa, taura, ƙirya, marke. Muka sa a kwali mai rami, ka zura hannu ba ka gani, ka shafa, ka sansana, ka faɗi suna. Yaran gari da ƙyar suke cin biyu. Sai muka gayyato wani tsohon maharbi, idonsa ma ya yi rauni. Duk abin da ya taɓa sai ya faɗi sunansa, da inda yake fitowa, da dabbar da ke cinsa, da watan da yake fure. Ya shafa ɓawon ƙirya ya ce da gawayinta maƙera ke aiki saboda ƙarfin wutarsa, kuma yanzu sai ka yi nisa kafin ka ga babba. Yara suka kewaye shi har magariba. Da zai tafi ya ce min rabon da wani ya tambaye shi abu game da daji ba don neman hanyar gudu ba, ya manta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Koyil ɗin da ke kunna fitila bai yi awa ɗaya ba suka karya hannunsa. Maganaɗisu shida muka je da su, biyu muka dawo da su. Da farko raina ya ɓaci, daga baya na ce wanda ya saci maganaɗisu ai gida zai je ya ci gaba da gwaji, Allah ya sa albarka. Matsalar da ta fi damuna ita ce 'yan mata. In maza suka yi dafifi, su sai su tsaya baya, kamar yadda na tsaya a bayan aji ranar gwajin asid. Yanzu mun ware musu rana, ƙanwata ke zuwa da ƙawayenta a harabar wata Islamiyya ranar Alhamis da babu karatu. Sannan tukunyar sanyi da muka yi ta kuri da ita, da damina ta zo sai ta ƙi yin sanyi sosai. Wani yaro ya ce ta lalace. Wata ta ce a'a, ai wanki ma ba ya bushewa da damina. Ta ci. Iska in ta riga ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar ƙari. Yanzu suna rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna duk mako, za mu kwatanta da na lokacin hunturu.

Wani babban yayanmu ya ce min, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa, wai mutane na fama da abin da za su ci kai kana wasa da kwali. Na ji shi. Ni ma ina son a gyara ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu, a ɗauki malaman kimiyya, a biya su, kuma ba zan daina faɗa wa masu mulki haka ba. Kwali ba zai maye gurbin wannan ba, mai cewa zai maye yaudararku yake. Ina kuma mafarkin ranar da jihar Kaduna za ta samu gidan kimiyya na gaske irin Sci-Bono da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu, a riƙa cika motoci da yaran ƙauye ana kai su. Amma yaron ramin nan shekararsa goma sha biyar yau. Kafin a ba da kwangila, a aza tubali, a yanka ƙyalle, ya zama magidanci.

Don haka ga roƙona, kuma ba kuɗi nake nema ba, kada wani ya turo min. Masu gyaran waya da rediyo, matattun sifiku da ƙananan motocin cikin tsofaffin na'urori, kada ku zubar. Masu tsofaffin tabarau na karatu, gilashin muke so, da shi ake haɗa abin hangen nesa. Kafintoci, muna buƙatar wanda zai ƙera mana akwati mai ƙarfi da zai zauna a bayan babur, don kwali ba ya jure hanyar Randagi. Ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi da ke gida hutu, ku zo ku tsaya a bayan tebur, sharaɗi ɗaya ne, ku iya yin shiru. Iyayenmu maharba, maƙera, masu ginin tukwane da masu lambu da har yanzu ke ban ruwa da jigo, ku ne malaman, mu masu ɗaukar kaya ne. Kuma in akwai malamin makarantar da ke da maikiroskof a kulle cikin kabad, don Allah a ba mu aro na kwana ɗaya. Na yi alkawari wannan karon na san ta inda ake murɗawa.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu fita bayan la'asar, wurin da lokacin za mu sanar ta hannun masu unguwa kamar yadda muka saba, saboda dalilin da kuka sani. Yaron ramin ya ce zai zo, shi zai riƙe teburin kwano. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.